Finjali da Tekun Yaya Bello

Rannan ina bakin tsohuwar rijiya ina naɗe igiyata, sai ga 'yan matan da suka gama sakandare sun zo ɗibar ruwa. Nafisa, jikar maƙwabciyata, ta riƙe ƙugu ta ce, rabi da Larabci rabi da Hausa kamar yadda kuke yi yanzu, "Hajja, wai wannan shi ne aikin? A zura igiya a jawo? Ai ko akuya aka koya wa za ta iya." Sauran suka kwashe da dariya. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ce a raina ranar da aka fara miƙa mini igiyar. Amma tunda bakina ba ya kai naku sauri, bari in rubuta muku, ku karanta a hankali in kun ajiye wayoyin.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina auna ruwan ƙasa a garin nan. Ba na haƙa rijiya, ba na gyaran famfo. Aikina in san inda ruwa ya kwana, in rubuta, in kuma faɗi nawa za a iya ɗiba ba tare da an cuci gobe ba. Garinmu kun san shi, tafiya ce mai nisa daga birnin Rusairis, kogi kuwa labarinsa kawai muke ji. Abin da Allah ya ajiye mana a ƙarƙashin ƙafa, shi ke nan.

Wanda ya koya mini Ammu Taha ne, wani tsohon ma'aikacin ofishin ruwa, siriri, mai tari, da ke zuwa a kan babur. Yana neman wanda zai riƙa auna masa rijiyar kowace Asabar. Ya gwada maza uku. Na farko ya tafi yankin Jazira tsinkar auduga da littafin a aljihu. Na biyu ya tafi yankan riɗi. Na uku bai je ko'ina ba, amma ya cike lambobin wata uku a zama ɗaya a ƙarƙashin bishiya, har da na Asabar ɗin da ba ta zo ba. Sai Ammu Taha ya ce a nemo masa wanda ya iya rubuta lamba kuma ba ya tafiya. Aka duba gari kaf, sai ni. Maigidana Malam Idi, tela ne, ya yarda saboda rijiyar tana bayan katangarmu, in tuwo ya fara kamawa zan ji ƙaurinsa daga can.

Kayan aikin kuwa ba su cika jakar hannu ba. Igiya ce mai alamar jan zare a kan kowace mita, sai finjalin ƙarfe irin na shan jabana, wato gahawa, an huda gindinsa an ɗaure shi a kife. In ya sauka ya taɓa fuskar ruwa, iskar da ke cikinsa takan yi wata ƙara, ɓum, kamar an daki ƙaramin tulu. Wannan ƙarar ce amsar. Sai ki danne igiya da babban yatsa daidai kan ƙusar da aka kafa a bakin rijiya, ki karanta. Ba daga ko'ina ake aunawa ba sai daga kan ƙusar nan. Kuma sai bayan sallar asuba, kafin guga na farko ya faɗa, lokacin da ruwa ya huta. Igiya in ta jiƙa takan miƙe, don haka duk wata nakan gwada ta da awon ɗinkin Malam Idi, shi kuma yakan tsaya a kaina kamar zan ci awon.

Daga baya ofis ya aiko mana da na zamani, mai busa usur in ya taɓa ruwa. Batir yake ci. Kwana tara ya yi yana aiki, sai aka zo wasan ƙwallo, aka ari batir ɗin domin rediyo. Har yau ana kan aron. Na koma wa finjalina.

Darasin da ya fi zama mini shi ne na ranar da Ammu Taha ya sa na kawo masa tasa cike da yashi. Ya zuba ruwa har yashin ya sha, ya tona rami da yatsa, ruwa ya taru a ciki. Ya ce in kwashe da cokali. Na kwashe. Muka zuba ido, a hankali ruwan ya sake tsattsafowa. Ya ce, "Ya bitti, 'yata, kin gani? Mutanenku sun ɗauka akwai tafki a ƙarƙashin ƙasa, har da kifi. Babu. Yashi ne jiƙaƙƙe. Kada ki tambayi nawa ne a ciki. Ki tambayi nawa ke dawowa in kin ɗiba, kuma a cikin wane lokaci." Ya kuma ce, yana haɗa kayansa, in an taɓa yin gwajin famfo, ruwan gwajin a kai shi nesa. Bai faɗi dalili ba, ni kuma ban tambaya ba, don hankalina yana kan tukunya. Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.

Masu zuwa tambaya kuwa, na ga iri iri. Akwai wanda ya zo ya ce in auna masa ko ruwan ƙarƙashin gonarsa ya fi na ƙarƙashin gonar ƙaninsa, don ana rabon gado. Akwai wanda ya ɗauko wani mai sandar neman ruwa daga nesa, mutumin ya yi ta zagaye yana karkarwa, sandar ta lanƙwasa daidai inda aka ajiye masa kwanon abinci. Duk wanda ya zo wurina ya riga ya zo da lambarsa a ciki, so yake kawai in furta masa ita. In na faɗi wata daban sai ya ce igiyata ta tsufa.

Babban aikin da ya same ni shi ne na shekarar da wata ƙungiyar agaji ta haƙa mana rijiyar burtsatse, taku sittin daga tsohuwar rijiya. Aka ce za a yi gwaji na kwana biyu: a kunna inji ya yi ta jan ruwa, a ga yadda ruwan ƙasa zai sauka. Sakamakon ne zai nuna girman famfon da za a saka. Lokacin Ammu Taha ya yi ritaya, sai aka turo wani matashin muhandis, wato injiniya, mai farar riga da kwamfuta.

Shugaban lajnar gari, kwamitin da ke kula da al'amuranmu, shi ne Yaya Bello, yayan maigidana uwa ɗaya uba ɗaya. Mutum ne mai son alheri da son a ga alherin. Ya yanka wa muhandis rago, ya sa aka shimfiɗa masa gado a ɗakin baƙi, aka jera jabana da shayi da dabino. Muhandis ya kunna inji, ya miƙa bututun ruwan zuwa wani ɗan kwari, ya nuna mini yadda zan riƙa aunawa a rijiyoyin biyu duk bayan wani lokaci, sannan ya tafi gaida rago. Gaisuwar ta yi tsawo.

Ruwa ya fara kwarara a ƙasa, fari tas. Mutanen da suka saba wanke fuska da rabin moɗa suka tsaya suna kallo kamar ana yanka musu ɗa. Aka cika tuluna, aka cika jarkoki, aka cika ganguna, har tukwanen biki aka fito da su. Ruwa bai fasa zuwa ba. Sai ga Goggo Ladi, tsohuwar da ta girmi kowa a unguwarmu, gwauruwa, wadda ta fi shekara hamsin tana jan guga a tsohuwar rijiya. Ta dafa sandarta ta ce, "Innalillahi! Wagga wace irin ɓarna ce? Ni'imar Allah tana zuba ƙasa kuna kallo? Ranar lahira mi za ku ce?"

Maganarta gaskiya ce, mu duka da ita aka raine mu, ko a bakin kogi kake alwala ba a so ka yi almubazzaranci.

"To Goggo, ya za mu yi?" in ji wata.

"Ku maida shi rijiya mana! Can anka ɗauko shi, can za shi koma. A ajiye ma gobe."

Nan take aka ja ɗan magudani daga bakin bututun zuwa tsohuwar rijiya. Ba zan ɓoye muku ba, da fartanyata aka ja shi, kuma ni na nuna inda ƙasa ta fi gangara. Muka tsaya muna kallon ruwa na faɗawa cikin rijiya, zukatanmu sun yi sanyi, muna jin mun kuɓutar da gari daga zunubi.

Kwana biyu ina aunawa. Sabuwar rijiya ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya cak. Tsohuwar kuwa, maimakon ta sauka, sai hawa take yi. Na rubuta abin da finjali ya faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba. Da aka kashe inji, muhandis ya fito yana sakace, magudanin kuwa an riga an share shi don wurin ya yi kyau a idon baƙo. Ya zuba lambobin a kwamfuta, ya cire tabarau, ya mayar, ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. "Ya Hajji," in ji shi ga Yaya Bello, "ku a kan bahar kuke zaune!"

Bahar, wato teku. Kafin la'asar maganar ta zaga gari, kafin Juma'a ta kai birnin Damazin, don Yaya Bello da kansa ya shiga mota ya kai ta. Aka ce mutanen garinmu sun shekara ɗari suna ƙishi a kan teku. Wani ya ce dama yakan ji ƙasa na motsi in ya kwanta. Lajna ta nemi famfo mafi girma, Yaya Bello ya ware fili ya ce za a yi lambun ayaba irin na bakin kogi.

Ni kuwa lambobin sun tsaya mini a wuya. Ta yaya za a ja ruwa a kusa da rijiya ita kuma ta hau? Da na je Rusairis dubiya sai na biya gidan Ammu Taha na nuna masa littafin. Ya duba, ya dube ni. "Ina kuka zuba ruwan gwajin?" Na faɗa masa, har da ɗan alfahari. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa ta kawo ruwa a guje. Da ya farfaɗo ya ce, "Kun ɗebo da hannun dama kun mayar da hannun hagu. Ruwa ɗaya kuka yi ta aunawa yana zagaye kamar raƙumin matsar mai. In aka sa babban famfo, tsohuwar rijiya ce za ta fara mutuwa, don ita ce marar zurfi."

Ku fahimci abin da hakan ke nufi. Ruwan burtsatse sai mai abin biya, ko mai jaki da karo, wato amalanke. Tsohuwar rijiya kuwa ta kowa ce, guga kawai take tambaya. Ita ce ta Goggo Ladi da ire-irenta.

Na fara gaya wa Malam Idi. Ya dakatar da keken ɗinki ya ce, "Ke, ki rufa mana asiri. Mutumin nan ya riga ya yanka rago, ya kuma kai magana Damazin. Teku kike so ki ƙafar masa?" Na ce ai babu tekun. Ya ce, "To ba shi ne abin da nike faɗi ba?"

Kun san matar ƙane ba ta ɗaga ido gaban yayan miji, balle ta gyara masa magana a gaban mutane. Amma na sa mayafi na je inda lajna ke zama, na durƙusa daga nesa, na gaishe su, na faɗi abin da muka yi da fartanyata.

Yaya Bello bai kalle ni ba, bango ya yi wa magana, kamar yadda ya dace, ya kira ni da sunan 'yata. "Uwar Halima, Allah shi yi miki albarka. Muhandis ya yi karatu a Hartum. Na'urarsa daga waje anka kawo ta. Ke kuma mi kike aunawa da shi?"

"Finjali, Yaya."

"Finjali." Ya bar kalmar ta zauna a tsakiyar tabarma. Wani ya ce finjali ai na jabana ne, a kawo jabanar ma a sha. Aka yi dariya, aka yi addu'a, aka tashi.

Aka sa babban famfo. Gaskiya shekara biyu mun ga abin kallo. Ayaba ta yi kore shar, baƙi na zuwa ɗaukar hoto, Yaya Bello ya samu sabon suna, Sarkin Bahar. Ni kuwa kowace Asabar igiyata na ƙara cin tsawo. Taƙi ɗaya, taƙi biyu, kamu guda. Damina ta zo ta wuce, ruwan bai koma inda yake ba. Na ƙara wa igiya wani guntu. Duk wata nakan aika wa lajna lambobin, su kuma, na ji labari, suna fifita da takardar.

Sai muguwar shekarar ta zo. Damina ta yi rowa, sannan fitinar yaƙi ta koro 'yan'uwanmu daga Jazira, daga wajen Managil da Makwar, kowane gida ya cika da baƙi har zaure. Baki ya ninku, ruwa bai ninku ba. Wata Asabar na zura finjali, na saurara, ban ji ɓum ba. Sai wani ɗan caɓ. Na jawo shi cike da laka. Goggo Ladi na tsaye a bayana da guganta. Ta leƙa, ta leƙa, ta juya ta tafi da guga babu ruwa. Ba a yi mako biyu ba babban famfon ma ya fara tari kamar Ammu Taha, yana tofo iska da yashi.

Aka nemi muhandis, hanya ba ta biyuwa. Aka nemi mai sanda, ya ce aljanu ne suka janye tekun zuwa Habasha. Rana ta uku da hantsi sai na ji sallama a ƙofar gida. Yaya Bello ne da mutum biyu. Ya zauna a zaure, ya yi wa ƙaninsa magana da ƙarfi yadda zan ji daga tsakar gida.

"Idi, ka tambayi Uwar Halima, wanga finjalin nata, shina nan?"

Na ce daga bayan labule, "Yana nan, Yaya. Bai sha jabana ba tukuna."

Malam Idi ya yi tari. Yaya Bello ya ce, "Mun cancanci wannan. Mi za a yi?"

Muka sake gwajin, ni da littafina, Ammu Taha kuma a waya duk lokacin da layi ya yarda. Aka kashe famfo kwana biyu ruwa ya huta, gari na shan abin da ke tanki da awo. Sannan aka kunna shi a hankali. Na sa ganga a bakin bututu ina duba agogo in ga minti nawa take cika, ina zura finjali in ga saukar ruwan, aka kashe, na zauna ina lissafin dawowarsa. A wannan karon ko ɗigo bai zuba kusa da rijiya ba. Duk karon da ke garin ya yi layi, aka kai ruwan gidaje, aka wanke tabarmin masallaci, aka wanke jakunan da ba su taɓa ganin wanka ba tun haihuwa. Na kafa Malam Idi da awon ɗinkinsa a wuya ya yi gadin tsohuwar rijiya, da umarnin ko limami ne ya zo da bokiti zai zuba ruwa a ciki a mayar da shi.

Lambar da ta fito ba ta da daɗi. Na je gaban lajna na sake durƙusawa a wurin nan dai. Na ce ƙasar nan za ta iya ba mu ruwa daga hantsi zuwa azahar, da famfo a rage, sannan a bar ta ta huta har gobe. Wannan zai ishi mutane da dabbobi, har da baƙi, kuma in Allah ya so tsohuwar rijiya za ta farfaɗo.

"Ayaba fa?" in ji Yaya Bello, yana kallon bangonsa.

"Ayaba ba ta cikin lissafin, Yaya."

"Ko rabi?"

"In an ba ta rabi, Goggo Ladi ce za ta biya."

Wani ya fara cewa a ƙara ko awa ɗaya, ai lamba ba aya ba ce. Yaya Bello ya ɗaga masa hannu. Sannan ya tashi ya aika a kawo masa adda. Da hannunsa ya yanke bututun da ke zuwa lambu, mutane na kallo, ya ce duk wanda ya sake kiransa Sarkin Bahar su haɗu gaban alƙali. Akuyoyin gari sun yi sati uku suna cin ganyen ayaba, ba su taɓa samun shekara irin wannan ba.

To Nafisa, kin ji aikin. Zura igiya kam akuya za ta iya. Amma sai ta je ta durƙusa gaban yayan mijinta ta faɗa masa lambar da ba ya so, ta kuma faɗi cewa da fartanyarta aka yi ɓarnar. In kin samo wannan akuyar, kawo ta in ba ta littafin, don idona ya fara gajiya.

Rijiyar ba ta dawo da wuri ba. Asabar shida ina jawo laka. Ta bakwai, bayan asuba, na zura finjali, igiya na bin yatsuna, na wuce tsohon ƙulli, na shiga guntun da na ƙara. Sai na ji shi, can ƙasa, ƙarami kamar mai jin kunya. Ɓum.

Ban san Goggo Ladi na bayana ba. Ashe duk Asabar ɗin nan tana zuwa ta tsaya a jikin katanga. Ta matso, ta yi bisimilla ta zura guganta, ta jawo da kyar, rabin guga, ruwan da ɗan jirwayen ƙasa. Ta ɗiba da moɗa ta kurɓa, ta yi hamdala. Sannan ta dube ni ta gefen ido, ta karkata moɗar, ta mayar da sauran cikin rijiya.

"Goggo!"

"Ke ɗiyata, ƙyale ni. Kada ta ce mun cika haɗama."

Na ƙyale ta. Na riga na rubuta lambar kafin ta zuba.